Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Ake Gano Ƙugin Amfilifayar Haɗin Gida

A cikin sana'o'in da zamani ya kawo wa ƙasar Adamawa, kaɗan ne suka samu karɓuwa wajen samari kamar gyaran rediyo da sauran kayan sauti. Tun daga lokacin da Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a cikin 1976, ma'aikata suka cika gari, rediyo da rikoda suka shiga gidaje, sai rumfunan masu gyara suka yawaita a Jimeta da cikin garin Yola. Yau kuwa sana'ar ta kai har unguwanni irin su Yolde Pate, ta kuma wuce gyara kawai, domin yara masu koyo da 'yan makarantun fasaha sukan sayo kayan haɗi su zauna su ƙera amfilifaya da hannunsu, watau na'urar nan mai ƙara wa sauti ƙarfi.

Wadda mai koyo ya fi fara gwada hannunsa a kanta ita ce 'yar ƙarama mai tura sauti zuwa hedifon, lasifikar nan da ake maƙalawa a kunne. Kayanta ba su da tsada, ba ta kuma bukatar babban akwati. Da ita mutum zai saurari karatun Alƙur'ani ko labaran duniya da dare ba tare da ya tashi mutanen gida ba, masu ɗaukar waƙa kuma suna bukatarta don mawaƙi ya riƙa jin kiɗa sa'ad da yake rerawa.

To, a nan ne da yawa daga cikin yaran suke cin karo da abin da ke karya musu gwiwa. Yaro ya tara ɗan kuɗinsa, ya kwana uku yana narka dalma, ya jona wuta, fitila ta kama, murya ta fito. Amma a bayan muryar sai a ji wani ƙugi mai kauri, ba ya hawa ba ya sauka, kamar na hadarin da ya haɗu daga nesa. Abin da aka saba yi shi ne a hau canje-canje: yau a cire wannan, gobe a sayo wancan, har kuɗi su ƙare ƙugi yana nan. Wani ya jefa na'urar ƙarƙashin gado ya ce ba shi da sa'a. Wani kuma, wanda shi ne abin tsoro, ya ji shawarar banza ya yanke wayar ƙasa. Alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. Ƙugin nan yana da dalili, kuma ana gano dalilin in an bi shi daki-daki.

Muryar Wutar Lantarki

Mai karatu zai tuna cewa rediyon iyayenmu mai batir ba ya wannan ƙugi. Dalili kuwa, wutar batir hanya ɗaya take bi, shiru, kamar ruwa a cikin famfo. Wutar da ke zuwa gidajenmu a kan turaku ba haka take ba. Kai-da-komo take yi, ta tafi ta dawo sau 50 a cikin kowane sakan, da ƙarfin da ya kamata ya kasance wajen bolt 230. Injunan da ke Kainji, wanda aka gama gina madatsarsa a 1968, da na Jebba da Shiroro, da masu aiki da iskar gas a kudu, duk a kan wannan taki ɗaya suke juyawa, kuma da shi wutar take bin manyan wayoyi ta Jos da Gombe har ta iso Yola. Hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta koma PHCN a 2005, aka sayar da sashen rarraba wuta ga kamfanoni a 2013, har Adamawa da Taraba da Borno da Yobe suka faɗa hannun kamfanin rarraba wuta na Yola. Sunaye sun sauya, amma hamsin ɗin nan tana nan yadda take.

Duk abin da ke kaɗawa sau 50 a sakan kunne yana jinsa a matsayin sauti mai kauri ƙwarai. Saboda haka ƙugin amfilifaya muryar wutar lantarki ce kanta, wadda ta samu kafa ta kutsa cikin hanyar sauti. A Amurka, inda wutarsu ke kai-da-komo sau 60, ƙugin na'urorinsu ya ɗan fi namu siranta. Har ma 'yan sandan birnin Landan sun daɗe suna ajiye rikodin ƙugin wutar ƙasarsu dare da rana, domin ɗan saurin da takin ke ƙarawa ko ragewa yana taimakonsu su gane lokacin da aka ɗauki wata murya da aka kawo shaida gaban alƙali.

Me ya sa hedifon ya fi babbar lasifika tona asirin mai haɗi? Domin ita lasifika tana can nesa da kunne, hayaniyar ɗaki da ta titi tana rufe 'yan kurakuranta. Shi kuwa hedifon a bakin kunne yake, wutar da yake bukata kuma ba ta taka kara ta karya ba. Kashi ɗaya cikin dubu na bolt ɗaya ya isa a ji shi sarai a cikin hedifon mai kaifi in dare ya yi tsit. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya iya kashe ƙugi a wannan 'yar na'ura, to, babbar amfilifayar masallaci ba za ta gagare shi ba.

A Fara Da Saurare

Kafin a ɗauki ƙarfen dalma, sai a kasa kunne tukuna, domin ba kowace ƙara ce ƙugi ba, kowacce kuma da inda take nuni. In sauti ne mai kauri, mai laushi, wanda kusan a ƙirji ake jinsa, wannan na hamsin ne, kuma yawanci daga taransifoma yake ko daga wayoyin shigar sauti. In ya ɗan fi haka tashi, yana da kaushi kamar muryar namiji mai mura, wannan na ɗari ne, kuma daga sashen tace wuta yake fitowa. In kuwa kamar kukan ƙudan zuma yake, mai tsini, sai a zargi caja ta wayar salula, ko ƙwan fitila mai tsimin wuta, ko inbata. Huci irin na maciji ba daga wutar gida yake ba, daga kayan haɗin ne, sau da yawa saboda an ƙure wa na'urar ƙarfin ƙara sauti fiye da bukata. Akwai kuma wata ƙara mai tsalle-tsalle da ake ji gab da kira zai shigo waya. Wannan ta zo mana tare da salula a 2001, maganinta kuwa a nesanta wayar.

Wanda kunnensa bai saba ba yana iya samun taimako a wayarsa, domin akwai manhajoji na kyauta masu nuna yawan kaɗawar sauti. A kara bakin wayar a jikin hedifon, a duba ko 50 ta nuna ko 100. Wannan kaɗai ya raba aikin biyu.

Kafofi Huɗu

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ƙugi ke bi guda huɗu ce.

Ta farko ita ce sashen tace wuta. Amfilifaya ba ta cin wutar kai-da-komo, sai mai bin hanya ɗaya irin ta batir. Saboda haka taransifoma takan rage ƙarfin wutar gida, dayod guda huɗu su juyar da ita ta fuskanci gefe ɗaya, amma sai ta fito a dunƙule-dunƙule, sau 100 a sakan. Aikin babbar kafasita, wadda tsofaffin masu gyara ke kira kwandansa, shi ne ta zama kamar randa: a zuba mata ruwa guga-guga, ita kuwa ta riƙa bayarwa a hankali ba yankewa. In randar ta yi ƙanƙanta, ruwan zai riƙa sauka sosai kafin guga na gaba ya iso, wannan hawa da sauka kuwa shi ne ƙugin ɗari. Lissafinsa ba wuya. Na'urar da ke jan kashi ɗaya cikin goma na amfiya, in aka sa mata kafasita mai lamba 1,000, wutarta za ta riƙa hawa da sauka da wajen bolt ɗaya cur. In aka sa mai lamba 4,700, sai abin ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar na bolt. In kuma aka ƙara da mai daidaita wuta irin su 7812 ko LM317, ragowar ba za ta kai abin da kunne zai kama ba. Haka nan a auna dayod ɗin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, domin in ɗaya ya yanke, gugan zai koma zuwa sau 50 kawai, ƙugin ya ninka.

Ta biyu ita ce taransifoma kanta. Tun a 1831 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa maganaɗisu mai sauyawa yana haifar da wuta a cikin duk wayar da ke kusa da shi ko da bai taɓa ta ba. Da wannan hikima taransifoma ke aiki, da ita kuma take ɓarna, domin maganaɗisunta ba ya tsayawa a cikinta kaɗai, yana fantsama kewaye. Mai koyo yakan so na'urarsa ta yi kyau ta yi ƙanƙanta, sai ya cusa taransifoma gab da allon haɗi. Ƙara kafasita ba ya maganin wannan ko kaɗan. Maganinsa tazara: a matsar da taransifoma can ƙarshen akwati, nesa da ƙofar shigar sauti, a juya ta gefe-gefe har a samu inda ƙugin ya fi raguwa, ko ma a ba ta nata akwatin dabam. Wayoyi biyun da ke fita daga gare ta kuma a murɗe su tare kamar igiya, domin abin da ɗaya ta fitar ɗayar ta kashe shi. Wannan dabara ta murɗa waya tsohuwa ce, Alexander Graham Bell ya yi mata rajista tun 1881 don wayar tarho.

Ta uku ita ce ƙofar shigar sauti. Kowa ya taɓa sa yatsa a bakin wayar da ke shiga amfilifaya ya ji yadda take ruri. Jikin mutum ne ya zama eriya, ya kwaso abin da wayoyin bango ke watsawa ya miƙa mata. Duk wata doguwar waya tsirara haka take yi. Saboda haka daga ƙofar shiga zuwa maɓallin ƙara murya, daga nan zuwa allo, sai a yi amfani da waya mai riga, watau wadda aka lulluɓe da saƙar jan ƙarfe, a kuma gajarta ta iyakar iyawa. Jikin maɓallin na ƙarfe a haɗa shi da ƙasan na'ura. Akwatin ƙarfe ya fi na roba ko na katako nesa ba kusa ba, muddin shi ma an haɗa shi da ƙasan. Wani Ba'amurke mai suna Chu Moy ya wallafa tsarin wata 'yar amfilifayar hedifon a 1998, wadda ta bazu duniya, masu koyo suka riƙa haɗa ta cikin gwangwanin alewa da batir mai bolt 9. Shirun da aka san ta da shi daga abu biyu yake: batir ba ya ƙugi, gwangwani kuma garkuwa ne.

Ta huɗu, wadda ta fi wahalar da mutane, ita ce yadda aka jera wayoyin ƙasa, watau hanyar da wuta ke bi ta koma inda ta fito. A kan takarda layi ɗaya ne, sai mai koyo ya ɗauka ko'ina ya jona daidai ne. A zahiri kuwa kowace waya tana da 'yar turjiya. Duk sa'ad da babbar kafasita ke kurɓar gugan nan nata, wuta mai yawa takan ruga ta cikin wayar ƙasan da ke tsakaninta da taransifoma. In aka jona ƙasan sauti a tsakiyar wannan hanya, ya zama kamar an haɗa bututun ruwan sha da kwata. Gyaransa shi ne kowane sashe ya ja tasa wayar ƙasa dabam, duka su haɗu a wuri ɗaya tak, daga bayan babbar kafasita, kamar yadda hanyoyin ƙauyuka ke haɗuwa a kasuwa. A nan kaɗai kuma za a haɗa da jikin akwati.

Irin wannan matsala takan taso har tsakanin na'urori biyu. In kwamfuta tana jone a soket ɗaya, amfilifaya a wani, kowacce da wayar ƙasarta, sa'an nan aka haɗa su da wayar sauti, an yi zobe ke nan, kuma 'yar wuta za ta riƙa kewaya shi tana ƙugi. Sai a jona su a soket ɗaya, ko a bar kwamfutar ta yi aiki da batirinta, ko a sa 'yar taransifomar raba sauti a tsakaninsu.

Bin Sawu Daki-Daki

Sanin kafofin ba ya wadatarwa sai an san wadda ɓarawon ya bi. Ƙa'idar ita ce abu ɗaya ake taɓawa a lokaci ɗaya, a saurara, a rubuta abin da aka ji, kana a wuce gaba. Wanda ya canza abu uku a tashi ɗaya, ko ƙugin ya tafi bai koyi kome ba.

Da farko a cire wayar da ke kawo sauti, a haɗe bakin ƙofar shiga da ƙasa da 'yar gajeriyar waya. In ƙugi ya ɗauke, na'urar lafiyarta ƙalau, laifin na wayar ne ko na abin da aka jona mata. In bai ɗauke ba, ciwon yana ciki.

Na biyu a murɗa maɓallin murya. In ƙugin yana ƙaruwa da ƙarin murya, ta gaban maɓallin yake shiga. In yana nan daram ko an rage murya gaba ɗaya, ta bayansa yake shiga, a nemi sashen wuta ko jerin wayoyin ƙasa. In kuwa ya fi tsanani a tsakiya ya ragu a ƙarshen biyu, wayoyin maɓallin ne ke kwasowa, ko ba a haɗa jikinsa da ƙasa ba.

Na uku, ana cikin saurare sai a zare fulogi daga bango. Na'urar za ta ci gaba da aiki na sakan ɗaya ko biyu da abin da ya rage a randarta. In ƙugin ya yanke nan take alhali sauti bai mutu ba, taransifoma ce ko sashen tace wuta. In ya ci gaba yana dushewa tare da sautin, daga waje ake kwaso shi.

Na huɗu a ajiye wutar gida a ba ta batir. Wannan shi ne alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara bayan hukuncinsa. In ta yi shiru da batir, babu sauran dalilin zargin ayisi ko sauran kayan sauti, waɗanda su ne aka fi yi wa ƙazafi a kuma fi ɓarnar kuɗi a kansu.

A duk wannan aiki a yi amfani da tsohon hedifon mai araha, kada kuma a sa shi a kunne sa'ad da ake kunna na'urar karo na farko. Kafin hannu ya shiga akwati a zare fulogi, a kuma sauke wutar da ta rage a babbar kafasita ta cikin rizista.

Abin Da Ya Shafi Yola Musamman

Akwai abubuwan da littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika ambata ba, amma mai haɗi a bakin Binuwai yana fama da su kullum. Na farko zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin akwatin ƙarfe a ɗaki mai rufin kwano. Babbar kafasita ruwan magani ne a cikinta, kuma masu ƙera ta sun ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanakinta. Shi ya sa na'urar da ta shekara biyu shiru sai ta fara ƙugi sannu-sannu. A duba kan kafasitar, in ya kumbura ko ya yi tsatsa ta gama aiki. Wajen saye a nemi mai lambar digiri 105 maimakon mai 85, a nesanta ta da duk abin da ke ɗaukar zafi, a kuma huda wa akwati kafofin shan iska. Wadda aka ciro daga tsohon rediyo kuwa, araha ce da ba ta ado.

Na biyu raunin wuta. Akan samu na'urar da ke shiru da hantsi, amma da magariba, sa'ad da kowa ya kunna kayansa wuta ta rage ƙarfi, sai ta fara ƙugi, har a ce aljanu ne. Ga bayaninsa. Mai daidaita wuta na 7812 yana bukatar a ba shi abin da ya ɗara 12 da wajen bolt 2 kafin ya yi aikinsa. Taransifoma mai bolt 12 tana ba shi fiye da 15 in wutar gida ta cika 230. Amma in ta sauko 180, abin da zai samu bai kai 12 ba, sai ya saki ƙugin ya wuce. Mai dabara yakan sa taransifoma mai bolt 15 tun farko don ya bar wa raunin wuta wuri.

Na uku janareta da inbata. Ƙaramin janareta sai injinsa ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da hamsin ɗin nan, in kaya sun yi masa nauyi sai ya ja baya, a ji ƙugin yana hawa yana sauka tare da numfashin injin. Inbata mai araha kuwa wutarta ba ta lanƙwasa a hankali kamar ta gwamnati, tsalle take yi mataki-mataki, shi ne ke kawo kukan zuma. Saboda haka a gwada na'ura da wuta iri biyu kafin a yanke mata hukunci.

Na huɗu laima. Ambaliyar watan Yulin 2025, wadda ta shafi unguwannin Yola ta Kudu har da Yolde Pate, ta jiƙa kayan gidaje masu yawa. Na'urar da ruwa ya taɓa tana iya tashi bayan ta bushe, amma tsatsa za ta ci gaba da cin mahaɗar wayoyi da bakin soket a ɓoye, ƙugi ya biyo baya bayan watanni. Irin wannan sai an kankare mahaɗan an sake musu dalma.

Wayar Da Ba A Yankewa

Yanzu sai mu koma ga shawarar banzan nan. Fulogi mai ƙafa uku, ƙafarsa ta sama mai tsawo ita ce ta ƙasa, wayarta kuwa ita ce mai launin kore da rawaya. Gaskiya ne in aka yanke ta zoben nan da muka ambata yana karyewa, ƙugi ya ɗauke. Amma fa an gudu gara ne an faɗa gidan zago. Aikin wannan waya shi ne ranar da rigar wata waya ta narke a cikin taransifoma, wutar gida ta taɓa akwati, ta kwashe wutar ta kai ƙasa, fis ya ƙone, mutum ya tsira. In babu ita, jikin mutum ne zai zama hanyar. Wutar da ke iya tsayar da zuciya kuwa ba ta kai wadda ƙaramin ƙwan fitila na da yake ci ba, shi ya sa ake ƙera makatsar kare rai ta yanke wuta da zarar kashi 30 cikin dubu na amfiya ya ɓace. A tuna kuma wannan na'ura ce da wayarta ke tafiya kai tsaye zuwa kan mutum, wataƙila yana zaune a kan siminti ba takalmi.

Saboda wannan dalili, haramun ne a sana'a a ciyar da amfilifayar hedifon da irin haɗin nan marar taransifoma da ake samu cikin fitilun caji masu araha, domin babu abin da ya raba shi da wutar gida. Gidajen da soket ɗinsu ke da rami uku amma ba a ja wayar ƙasa ba, ko aka ja amma ba a kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa ba, su ma suna cikin haɗari ko ba su da amfilifaya. Da rani ƙasa takan bushe ƙayau, sandar da ba ta yi zurfi ba ta rage amfani. Wannan aikin ƙwararren mai haɗa wuta ne mai lasisi, kuma tun 2015 akwai hukumar NEMSA da doka ta ɗora wa duba ingancin irin wannan haɗi. Wanda bai samu wayar ƙasa ta kirki ba, ya tsaya ga batir, ya huta da ƙugi da fargaba gaba ɗaya.

Akwai kuma haɗarin da ba ya zuwa da gaggawa. Mai na'ura mai ƙugi yakan ƙara murya don waƙa ta danne ƙugin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, ta kuma ce babban mutum kada ya wuce sa'a 40 a mako yana sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Kira Ga Iyayen Gida

Wannan ilmi bai tsaya ga hedifon ba. Lasifikar masallacin da ke ƙugi har ba a fahimtar huɗuba, da ta makarantar Islamiyya, da ta wurin biki, duk kafofin nan huɗu ne ke damunsu, kuma gwajin nan huɗu ne ke warware su. Sau da yawa kwamitin masallaci yakan tara kuɗi ya sayi sabuwar amfilifaya, alhali wayar makirfon ce rigarta ta tsinke, ko an ja ta kafaɗa da kafaɗa da wayar fanka.

Saboda haka muna kira ga iyayen gida masu rumfuna a Jimeta da Yola, in yaro ya kawo na'urarsa ya ce, "Maigida, ƙugi take yi," kada a karɓa a gyara masa, kada kuma a ce ya je ya sayo ayisi. A tambaye shi, "Yaro, na hamsin ne ko na ɗari? Ka gwada ta da batir?" A bar shi ya koma ya nemo amsa. Malaman Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 don koyar da fasaha, da na kwalejin fasaha ta jiha da makarantun koyon sana'a, su ma ya kyautu su riƙa ba neman laifi a na'ura muhimmanci kamar yadda suke ba haɗa ta. Kayan haɗi ana sayensu a kasuwa, daga Alaba ta Legas har Sabon Garin Kano. Natsuwar bin sawu kuwa sai a wurin maigida na gari ake samunta, kuma ita ce ke raba mai sana'a da mai canje-canje.

Allah Ya sa wa sana'ar matasanmu albarka, Ya kuma tsare su daga sharrin wuta, amin.